Goggo Yana-Hanya

Ƙanwar mijina ce, kuma tun da na shigo gidansu ba mu daina tsokanar juna ba. 'Ya'yana Goggo suke ce mata, ni ma na bi bakinsu har ya kama ni. Amma duk mai ɗaukar hoton da ya taɓa hawa matakalar shagon yayanta, da wani suna daban ya san ta: Yana-Hanya.

Shagon yana saman bene, a kan wani mai sayar da littattafai da biro. Ɗaki ne siriri da aka raba biyu da katako. A gaba akwai kanta, da benci mai ƙafa ɗaya gajera wadda aka tokare da kwali, da fanka a bango mai juyawa tana ƙara kamar tana neman a ji tausayinta. A ciki kuwa teburin maigidana ne, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga ƙananan sukundireba a jere, ga hantsaki, ga 'yar roba da yake matsawa ta hure ƙura. Aikinsa gyaran idon kyamara, wato gilashin nan na gaba da ake cirewa a sauya. Shi ne wakilin gyara na wani kamfanin kyamara na ƙasar waje. Duk idon da ya lalace garantinsa bai ƙare ba, wajensa ake kawowa, ya buɗe ya duba, ya aika wa kamfani abin da ake buƙata, sai kuma a zauna jira.

Maigidana zai iya wuni yana lallaɓa kusa mai girman ƙwayar yashi bai gaji ba, amma ba ya iya minti biyu da mutumin da ransa ya ɓaci. Da ya ji takun mai fushi a matakala sai ya ja ƙofar katakon nan ya yi tsit, kamar babu kowa. Shi ya sa lokacin da mijin Goggo ya rasu, direban babbar mota ne, ta dawo gida ba ɗa ba jika, sai yayanta ya ce mata, "Zo ki riƙe mini kanta kafin in samu wani." Bai taɓa neman wanin ba, ita ma ba ta taɓa tuna masa ba.

Aikinta shi ne ta karɓi kaya, ta duba takardar garanti, sannan ta tari fuskar mutane idan sun dawo. Goggo ba ta son ƙarya, ga shi aikin ya tilasta mata faɗin abin da ba ta gani da idonta ba. Sai ta yi wa maganar matakai. In ta tabbata kaya ya baro can, sai ta ce, "Yana hanya." In kamfani ne kawai ya faɗa, sai ta ce, "Sun ce yana hanya." In kuwa ko amsa ba su bayar ba, ba ta cewa komai, sai ta jona butar shayi ta nuna maka benci. Tsofaffin abokan ciniki duk sun gane karatun. Akwai wani mai hoton bukukuwa, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, da ya shigo ya ga ta nufi buta sai ya dafe kai ya ce, "Shike nan, yau ma shayi ne."

Shi ne ya taɓa tambayarta, "Wai wannan kaya naku a ƙafa yake tahowa?"

Ta ce, "A ƙafa, kuma mai ladabi ne, yana tsayawa gaishe-gaishe."

A ƙarƙashin kantar tana da wata durowa cike da tsofaffin idanu waɗanda masu su suka bari suka yi ɓatan dabo. Wasu sun yi fumfuna a ciki, sai ta matsa wa yayanta ya wanke su. Su take ara wa masu jira don kada sana'arsu ta tsaya. Ba ta taɓa karɓar jinginar komai ba. Kallonka kawai take yi, ta ce, "Ka san hanyar da ka bi ka zo." Kuma yawanci suna dawowa da su.

Tana cikin wannan rayuwa Malam ya shigo shagon. Tsohon malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, dogo, mai furfura, mai magana a hankali kamar har yanzu yana jiran na bayan aji su gama rubutu. Da ya ajiye aiki sai ya saya wa kansa abin da ya daɗe yana mafarki, wani dogon ido mai tsawon kamu guda, don ɗaukar hoton tsuntsaye a madatsar ruwan da ke bayan gari. Bai daɗe yana morarsa ba abin ya tsaya. In ya danna sai ya yi 'yar ƙara, amma ya ƙi saita hoto. Maigidana ya buɗe ya ga ɗan injin da ke matsar da gilashin ne ya ƙone. Ya fito da kansa, abin da ba ya yi, ya ce, "Malam, irin na zamani ne. In injin ya mutu ko da hannu ba ya juyuwa. Amma garantinka da saura, za su aiko da sabo."

Malam ya ce, "To madalla. Yaushe zan dawo?"

Goggo ta ce, "Ka leƙo mako mai zuwa."

Ya leƙo. Ya sake leƙowa. Duk Laraba da hantsi za a ji takunsa, yana hawa yana hutawa a tsakiyar matakala. Da farko kamfani suka aiko da inji, aka buɗe aka ga na ƙanin idon ne, gajeren, bai shiga ba, aka mayar. Daga nan suka ce masana'antar da ke ƙera musu injin ta tsayar da aiki. Daga baya suka ce sun sauya samfuri, sai an nemo ragowar tsohon a wani rumbunsu. Goggo ta sauko daga "yana hanya" zuwa "sun ce", daga "sun ce" zuwa butar shayi, ta kuma daɗe a kan butar.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Malam bai taɓa ɗaga murya ba. Ta sha gaya mini a kicin, "Da zai zage ni sau ɗaya da na samu sauƙi. Mutum ya zo ya yi maka godiya a kan babu?" Zama yake yi a bencin, ya gyara kwalin ƙafar da takalminsa, ya sha shayi, ya ba ta labarin tsuntsaye. Shi ya gaya mata cewa akwai waɗanda ke tasowa daga ƙasashe masu nisa su sauka a madatsar idan sanyi ya shigo, su koma idan zafi ya fara.

Ya ce, "Su ma daga waje suke zuwa, kamar kayanku. Sai dai su ba sa saɓa alkawari."

Ta ce, "To ko su za mu ba wa saƙon?"

Wata rana ya zo da kyamarar ɗaure da wani gajeren ido da ta ara masa, wanda ba ya kai wa tsuntsu sai in tsuntsun ya zo gaisuwa. Ya tambaye ta ko ta taɓa ɗaukar hoto. Ta ce a'a. Shekaru tana karɓar kyamarori tana miƙawa, ba ta taɓa kanga ɗaya a idonta ba. Ya tsayar da ita a taga, ya nuna mata yadda za ta manne gwiwar hannu a jiki, ta riƙe numfashi, ta danna kamar mai taɓa idon jariri. Akwai kurciyoyi a kan wayar lantarki. Ta ɗauki wayar tsaf, kurciyar kuwa rabi. Malam ya duba ya ce wayar ta yi kyau ƙwarai. Daga ranar duk zuwansa sai sun tsaya a tagar nan.

A cikin wannan jira ne ita da yayanta suka yi faɗan da ban taɓa ganin irinsa a tsakaninsu ba. Wani ya kawo dogon ido irin na Malam sak, wanda ya faɗa ruwa ya lalace, ya ce ba ya so, a jefar. Goggo ta ce a cire injinsa a saka wa Malam. Maigidana ya ƙi. Ya ce in ya saka abin da ba kamfani ne ya aiko ba, garanti ya tashi, kuma injin da ya sha ruwa zai iya ƙonewa ya tafi da sauran kayan ciki.

Ta ce, "Yaya, garantin me? Mutum na tsufa a kan bencinka kana maganar takarda."

Ya ce, "In ya ƙone a hannuna, me zan ce masa?"

"Abin da nake ce masa kullum. Ai ni ka bari da bakin."

Suka yi kwanaki ba sa magana. Ni na zama 'yar aike a cikin gidana: gaya wa ƙanwarki kaza, gaya wa mijinki kaza. Na ce wa Goggo, "Ke da ba ki biya ni kuɗin mota ba, kin mai da ni masinja." A ƙarshe suka yarda a bar wa Malam zaɓi. Ya saurari kowa, ya juya kofinsa, ya ce, "Na gode, 'yata. Amma tunda an fara bin ƙa'ida, a ƙarasa. Tsuntsayen za su dawo baɗi." Goggo ta kwashe kofuna.

Tsuntsayen suka zo suka tafi. Sai wata Laraba ba a ji takunsa ba, ta gaba ma haka. Goggo ta ɗauka gajiya ya yi da jiran gawon shanu, ta ce ba ta ga laifinsa ba, kunya kuma ta hana ta kiran waya tunda ba ta da abin faɗa.

Ranar da kayan ya iso ina shagon, na kai musu abincin rana. Wani ɗan kwali ne da bai fi gidan ashana ba, an naɗe shi a cikin wani kwalin, an sake naɗewa a wani. Goggo ta ɗora shi a tafin hannu tana kallo, ta ce, "Kai ne duk ka tayar mana da hankali?" Maigidana ya karɓa ya shige ciki. Abincin ya huce bai taɓa ba. Kafin la'asar ya fito da idon, ya ɗaura a kyamara ya auna tagar, muka ga gilashin ya matsa sumul ba ƙara.

Ta kira lambar Malam, muryar mace ta ɗauka. Matarsa ce. Ta ce, "Ke ce ta shagon? Ku zo gida, ya fi."

Ni na raka ta. Muka tarar da shi a falo a kan kujera, an jingina shi da matashi, an fuskantar da shi taga. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, bakin ya ɗan karkace. Goggo ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe jaka ta ɗora masa idon a cinya. Ya shafa shi da hannun hagu tun daga kai har gindi. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito.

"Ya... iso?"

Ta ce, "Ya iso, Malam."

Ya yi dariya da rabin baki, har kafaɗarsa na rawa. Goggo ta sunkuyar da kai tana gyara zip ɗin jakar da babu abin da ya same shi.

Matar Malam gajeruwa ce mai kazar-kazar, ba ta ajiye magana a ciki. Da ta rako mu ƙofa ta riƙe hannun Goggo ta ce, "Tun da aka sallamo shi daga asibiti yake nuna mini taga. Na san abin da yake nufi, madatsar nan ce. Mijin 'yarmu zai iya kai mu ranar Asabar. Amma ni ban san gaban abin nan da bayansa ba. Ya ce ke ɗalibarsa ce."

Goggo ta ce, "Yaya, ni wayar lantarki kawai na iya ɗauka."

"To ki zo ki ɗauki wayar, shi dai ya ga an ɗora abin."

Da muka koma gida ta ba yayanta labari a tsaye, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan tsohon faɗansu ba. Da safiyar Asabar ta tarar da sandar kyamara mai ƙafa uku a jingine a ƙofar ɗakinta, ta yayan nata ce ta ƙuruciya, ya goge ta ya sa mata mai. Ta ɗauka ta wuce. Iyakar ban-haƙurin da aka yi ke nan, kuma ya ishe su.

Haka Asabar ta zama tasu. A kafa wa Malam kujera a bakin ruwa a ƙarƙashin lema. Matarsa ta zauna a gefe da fulas, tana korar sauro tana mita. Goggo ta kafa ƙafa uku ta ɗora dogon ido. Malam ya nuna da hannun hagu, ita ta bi yatsan har ta samo tsuntsun, in lokacin dannawa ya yi sai ya bubbuga hannun kujera. Da farko kafin ta ji bugun ta danna, tsuntsu ya yi gaba. Ta tara hotunan ruwa, da ciyawa, da wutsiyoyi iri-iri. Ta kai masa ya duba, ya ce, "Wutsiya... mai kyau." A hankali ta fara riga yatsansa. Ta gane yadda zalɓe ke tattara wuya kafin ya sari kifi, da yadda agwagin ruwa ke yin tsit kafin su tashi gaba ɗaya. Wata rana ta kamo zalɓe da kifi a baki, ruwa na ɗiga. Maigidana ya sa aka wanke hoton babba aka kai wa Malam.

Aka yi ta gardama a kan wanda ya ɗauka. Goggo ta ce Malam ne, ita yatsa kawai ta ara masa. Malam ya girgiza kai yana nuna ta. Matarsa ta ce, "Ku daina wahalar da kanku. Ni na ɗauka, tunda ni nake ɗauko ku duka in kawo ku nan."

Sun yi shekaru a haka. Maganarsa ta ɗan warware, hannun bai dawo ba. Da ya rasu, bayan an kwana biyu, matarsa ta hau matakalar shagon tana haki, ta ajiye jakar idon a kan kanta. Ta ce, "Ya ce naki ne. Ya ce kin fi shi jiransa." Goggo ta jona buta, suka zauna a benci su biyu.

Shagon bai daɗe sosai bayan haka ba. Kamfani ya janye wakilci, ya ce duk gyara a aika babbar cibiyarsu a wani birni. Mutane suka koma ɗaukar hoto da waya. Idon maigidana shi ma ya fara gajiya, kusoshin nan suka riƙa ɓace masa a kan farin ƙyalle. A makon rufewa Goggo ta zazzage durowar ƙarƙashin kanta, ta raba tsofaffin idanun ga matasan da ke koyon sana'ar. Mai hoton bukukuwa ya zo da sanda, cikin ya zube, muryar tana nan. Ya ce shi benci ya zo ɗauka, domin ya fi kowa zama a kansa. Aka ba shi har da kwalin. Yanzu masu gyaran waya ne a wurin, sun cire katakon, sun sa fitilu masu launi. Na taɓa hawa in gyara tawa, na rasa inda teburin maigidana yake a da.

Goggo tana ɗakin bayan gidanmu har yau. Gwiwa ta fara ba ta matsala, ta kuma koma sa tabarau mai kauri. Madatsar ma ta canza, an yi gidaje har kusa da bakin ruwa, tsuntsayen sun ragu. Duk da haka idan sanyi ya shigo takan kira matar Malam, ɗana ya kai su, wani lokaci in bi su don in samu abin tsokana.

Zuwanmu na ƙarshe mun daɗe ba mu ga komai ba sai yara masu wanka. Can matar Malam ta nuna tsallaken ruwa ta ce ga balbela a cikin ciyawa. Goggo ta ce ta yi girma da balbela, farin zalɓe ne. Suka yi ta ja-in-ja, kowace na cewa ɗayar ta makance. Goggo ta kafa ƙafa uku, ta cire tabarau, ta manna ido, ta daɗe tana saitawa. Sai na ga kafaɗarta na rawa.

Matar Malam ta ce, "To, wa ya yi gaskiya?"

Goggo ta ce, "Leda ce, Yaya. Farar leda ce ta maƙale a kara."

"To ki ɗauke ta mana, tunda mun zo."

Ta ɗauka. Muka zuba shayi, muka zauna har rana ta yi zafi, sannan ɗana ya naɗe ƙafa ukun muka kama hanyar gida.